Ya kama mana otal a bakin teku a Girka, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake

Anti, assalamu alaikum. Shekararmu 12 da aure, 'ya'yanmu uku. Tun ina amarya maigida ya yi mini alkawarin wata rana zai kai ni in ga teku, don ko Legas ban taɓa zuwa ba. Shekara biyu yana tari. Yanzu wani ejan ya kama mana ɗaki na kwana biyar a wani otal na bakin teku a tsibirin Mikonos na ƙasar Girka, tsakiyar watan Agusta. Ranar da ya kawo mini takardar, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Da dare na duba hotunan wurin a wayata, sai jikina ya yi sanyi: mashaya a gefen wurin ninƙaya, mata kusan tsirara, ga kiɗa. Ni ko ƙofar gida ba na leƙawa babu hijabi. Me za mu ci a can? Ina za mu yi sallah? Na yi masa godiya, har yau ban ce komai ba. Takardar ta nuna ana iya sokewa ba tare da asara ba nan da mako uku, kuma ba mu kai takardun biza ba tukuna. In yi shiru in bi shi in daure, ko in kawo uzuri in ce ba zan iya barin yara ba?

'Yar'uwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Hanyoyi biyun da kika kawo, babu wadda zan ce ki bi, domin a kowacce ɓoye masa gaskiya za ki yi. In kika daure kika bi shi, kwana biyar za ki yi a ɗaki kin ja labule, shi kuma yana kallon fuskarki yana lissafin tarin shekara biyu. Mijin da ya shekara 12 da ke ya san murmushinki na gaske, ya san na dole. In kuma kika fake da yara, zai gane uzuri ne, amma ba zai san dalilin ba, sai ya cike gurbin da abin da zuciyarsa ta raya masa: ko ba kya son fita da shi ne, ko kyautar ce ba ta kai ba. Abin da za ki yi shi ne ki gaya masa cikin makon nan, tun kwanakin sokewa ba su ƙure ba, kuma ki je masa da wani wuri a hannu. Tafiyar tana nan. Tsibirin da watan ne ba su dace da ku ba.

Bari in fara da wanke maigidan naki. Ina kyautata zaton bai san inda aka kama masa ba. Ya ce wa ejan yana son wuri mai kyau a bakin ruwa, ejan kuwa ya danna masa wanda sunansa ya fi tashe kuma ya fi kuɗi. Mikonos tsibiri ne da ya yi suna a duniya kan shagalin dare. Gaɓoɓin kudancinsa irin su Paradise da Super Paradise tun la'asar ake kunna kiɗa, ba a kashewa sai gari ya kusa wayewa. Akwai lungunan da babu hayaniya a tsibirin, amma tsada ce za ta bi ku har can, domin yana cikin wurare mafi tsada a duk ƙasar. Ga kuma watan da aka zaɓa. Ranar 15 ga Agusta babban biki ne na Kiristocin Girka, na tunawa da rasuwar Nana Maryamu, kuma makon bikin ne 'yan ƙasar kansu suke kwarara tsibirai hutu, a kan baƙin Turai da suka riga suka cika ko'ina. A watannin Yuli da Agusta ne kuma ake wata iska mai ƙarfi daga arewa da suke kira meltemi, wadda kan watsa wa mutum yashi a ido, wani lokaci har ta hana ƙananan jiragen ruwa tashi. Mutumin da yake son ya zauna da matarsa su kalli ruwa cikin natsuwa, ba wannan ya yi tari dominsa ba. Ki nuna masa hotunan nan da kika gani, ina da yaƙinin shi zai riga ki cewa a'a. Wane namiji ne a cikin mazanmu zai so ya zauna da iyalinsa a gefen mashaya?

Yadda za ki faɗa yana da muhimmanci ƙwarai, don abin da ya kawo miki ya fi ƙarfin takardar otal, alkawarin ƙuruciya ne ya cika. Kada ki aika ta bakin ƙanwarsa ko abokinsa. Kada kuma ki fara da maganar halal da haram, zai ji kamar kina tuhumarsa da niyyar kai ki wurin banza. Ki bari ya ci abinci, yara sun kwanta, ki ce masa wani abu kamar haka: “Abban yara, tun da ka nuna mini takardar nan nake ta duba wurin don ɗoki. Zo ka ga abin da na gani. Ina son tafiyar nan ƙwarai, shi ya sa ba na son mu je inda za mu kasa sakin jiki.” Daga nan ki miƙa masa wayar ki yi shiru. In ransa ya ɗan sosu a daren, ki ƙyale shi, ba da ke yake ba, haushin kansa yake ji da bai duba ba. Da safe sai ku yi maganar inda za a koma.

Wataƙila abin da zai fara faɗo masa shi ne Santorini, wancan tsibirin mai fararen gidaje da shuɗayen ƙubbobi da ake gani a hotunan amare. Kyau kam akwai shi. Sai dai otal-otal ɗin da ake ɗaukar waɗannan hotuna, a garuruwan Fira da Iya da Imerobigili, a saman dutse suke, wasu kusan mita 300 daga ruwa. Teku za ki gani daga sama, ba za ki taɓa shi da ƙafarki ba. Matakala ce ko'ina, kuma barandar wani tana kallon ta wani, masu yawo da kyamara suna wucewa ta saman kanki. Inda ake sauka ruwa kuwa, Kamari da Perisa, baƙin yashi ne da tsakuwar aman wuta da ke ƙona tafin ƙafa da rana.

Ni Rodos zan ce ku je, a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba.

Babban tsibiri ne a gabashin ƙasar, dab da Turkiyya, tafiyar kamar awa guda a jirgin sama daga Atens. Abin da ya sa na zaɓa miki shi, ba za ki zama mace ta farko da ta ratsa titunansa da lulluɓi ba. Turkawan Daular Usmaniyya sun ci garin a 1522 zamanin Sarki Sulaiman, suka riƙe shi har 1912 da Italiya ta karɓe, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma hannun Girka. Har gobe akwai Musulmi 'yan asalin wurin, 'yan dubbai. A cikin tsohon birni mai ganuwa, wanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, akwai Masallacin Ibrahim Pasha da aka gina wajen 1540, kuma ana sallah a cikinsa, maigida zai iya samun Juma'a. Akwai ɗakin karatu na Hafiz Ahmed Aga da aka kafa a 1793, mai tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da Turkanci da Farisanci. Na so ki shiga wannan tsohon birni da sassafe kafin fasinjojin manyan jiragen ruwa su cika shi, ki bi lungunansa masu daɓen tsakuwa. Duk wanda ya san cikin birnin Kano ko Zariya zai ji wani abu ya motsa a ransa.

Amma Rodos ma ba ko'ina ba. Gefen yamma, wajen Iksiya da Yalisos, iska da igiyar ruwa sun yi yawa, ga tsakuwa, wurin masu wasan hawa igiyar ruwa ne. Gefen gabas ne ruwan yake a kwance. A gabas ɗin ma ku tsallake Faliraki, can ne matattarar matasa masu sha. Ku duba wajen Kolimbiya, inda iyalai suka fi sauka, ko Afandu mai doguwar gaɓa da za ki yi tafiya ki samu wurin da babu kowa kusa da ke. Kusa da nan akwai Tsambika mai laushin yashi, ruwanta ba zurfi daga baki, daidai da wadda ba ta taɓa shiga teku ba. A ƙarshen Satumba ruwan yana nan da ɗuminsa na bazara, makarantun Turai sun koma, kuɗin ɗaki ya sauko, zafi ya ragu. Maganar zafin nan ba wasa ba ce: a watan Yulin 2023 wutar daji ta sa an kwashe kusan mutum 20,000 daga kudu maso gabashin tsibirin. Kada kuma ku wuce tsakiyar Oktoba sosai, don daga ƙarshen watan yawancin otal-otal na bakin ruwa rufewa suke sai bazara ta zagayo.

Zan gaya miki gaskiya guda, don kada ki je ki ce Anti ta rufe ki. Babu gaɓar teku a Girka da za ki je da rana tsaka ba ki ga mata da kayan wanka ba. Al'adarsu ce, har tsofaffi. Abin da ke hannunki shi ne lokaci da wuri. A ƙarshen Satumba rana kan fito wajen ƙarfe 7, baƙi kuwa ba sa saukowa sai sun karya, wajen 9 ko 10. Daga sallar asuba zuwa wannan lokacin bakin ruwan naku ne ku biyu, sai masunta da wani tsoho mai ninƙayar safe. Haka ma gab da magariba. Da rana sai ku shiga gari, ko ku huta a ɗaki kamar yadda 'yan ƙasar suke yi, don su ma daga ƙarfe 3 zuwa 5 da rabi lokacin shiru ne a wurinsu. Za a kalle ki, baƙar mace da hijabi a bakin ruwa. Yawancin kallon na mamaki ne, in kika ce “kalimera”, wato ina kwana, za a amsa miki da fara'a. Ki kuma sani a dokar Girka gaɓar teku ta jama'a ce, ba ta otal ba. Kujeru da laimominsu ne na haya. Kina da ikon shimfiɗa zaninki a inda babu kujeru, ba mai cewa ki tashi.

In za ki shiga ruwan, kuma ina so ki shiga, kada ki shiga da abaya ko dogon hijabi. Yadi in ya sha ruwa nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa, ya kuma manne a jiki ya nuna abin da ake son rufewa. Ki nemi kayan ninƙaya na mata Musulmi, masu riga da wando da hula, ki sa su a jaka tun daga gida. Ki haɗa da takalmin roba saboda tsakuwa da wata halitta mai ƙaya da ke maƙale wa duwatsu. Tun da ba ki iya ruwa ba, kada ya wuce ƙugunki, maigida yana riƙe da hannunki, kuma in kika ga jan tuta a bakin ruwa, ranar kallo kawai za a yi.

Wajen kama ɗakin, wannan karon ku zauna tare ku duba, kada a bar wa ejan. Otal ya ce ana hango teku daban, ya ce yana bakin teku daban. Ku buɗe taswira ku ga ko akwai babban titi tsakaninsa da ruwa. Ku fi karkata ga ƙaramin otal na iyali, ko ɗaki mai ɗan kicin a ciki, a kan manyan nan da ake biyan komai a dunƙule, domin a wannan tsarin kuɗin giyar da ba za ku sha ba yana cikin abin da kuka biya, kuma su ne masu kiɗan dare. Kafin ku biya ku aika musu imel da tambayoyi, su amsa a rubuce: ana kiɗa da dare, har ƙarfe nawa? Barandar ɗakin tana da shinge tsakaninta da ta maƙwabta? Ana barin mace ta shiga wurin ninƙaya da kaya masu rufe jiki? Za a iya kwashe giyar da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki kafin ku iso? Yadda suka amsa zai nuna muku irin mutanen da za ku sauka wurinsu. Ku kuma ware kuɗin wani haraji da ake karɓa a otal ɗin kan kowane dare, wanda ba ya cikin kuɗin ɗaki. A lokacin baƙi yana kamawa daga yuro 2 zuwa 15, gwargwadon darajar otal.

Abinci bai kai yadda kike tsoro ba, amma yana son lura. Tsirensu da suke kira suflaki, da naman nan da ake yankowa daga sanda mai juyawa, giros, in ba a faɗi wani abu ba na alade ne. Ko an ce akwai na kaza, sau da yawa wuta ɗaya ce da wuƙa ɗaya. Ki riƙe kalmomi uku: “hirino” alade, “kirasi” giyar inabi, “horis” babu. Suna zuba giyar inabi a wasu miyar nama, don haka a tambaya. Maganar yankan Ahlul Kitabi malamai sun yi bayani a kai, ku tambayi malaminku kafin ku tashi, amma ko kun bar nama gaba ɗaya ba za ku ji yunwa ba. Ga kifi gasasshe, sai dai da kilo ake sayar da shi, a auna a gaya muku kuɗin kafin a ɗora a wuta. Ga tumatir da tattasai da ake cusa wa shinkafa a gasa, yemista. Ga manyan wake a miyar tumatir, ga faten wake da man zaitun, ga salak ɗinsu mai cuku, ga kindirmo mai kauri da zuma. Akwai kuma wata kalma da ta fi duk waɗannan amfani: “nistisimo”. Kiristocin Girka suna da azumin da ba a cin nama a cikinsa, abincin wannan azumin shi ake kira haka, kowane mai gidan abinci ya san shi. A ƙarshen cin abinci sukan kawo ɗan ƙaramin kofi kyauta, fari kamar ruwa. Barasa ce. Ki dafa ƙirji ki yi godiya ki mayar, ba sa jin haushi. Yaji kam ki ƙulla abinki. Kilishi da dambun nama kuwa ki bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga waje, ƙwacewa za a yi.

Sai abin da ba wanda zai gaya miki sai 'yar'uwa: ki tafi da buta. Yawancin banɗakunansu babu abin tsarki. Za ki ga ɗan kwando a gefen masai, na takarda ne, don a wurare da yawa bututunsu sirara ne, ba a jefa takarda a ciki. Ki sa darduma mara nauyi, alƙibla daga can kudu maso gabas take, wayarki za ta nuna miki. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin ƙasaru, don haka a otal cika sallah za ku yi, a hanya ne za ku rage. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ku sayi mahaɗinsa. Agogonsu a wannan lokacin yana gaban namu da awa biyu, ki tuna da haka in za ki kira yara.

Rashin kai takardun biza da ba ku yi ba alheri ne, domin otal da kwanakin da ke cikin takardun dole su zama waɗanda za ku yi amfani da su. Bizar Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da Girka take cikinsu, kuɗinta yuro 90 kowane mutum, kuma ba a mayarwa ko an hana. Ana neman inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, amsa kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Ana yawan hana 'yan Najeriya, don haka sabon ɗakin ma ya kasance wanda ake iya sokewa, kuma kada maigida ya biya abin da ba ya dawowa sai biza ta fito. Ɗage tafiyar zuwa ƙarshen Satumba ya ƙara muku sararin wannan duka.

Maganar yara da kika so fakewa da ita, ina jin akwai ɗan gaskiya a ciki. Macen da ta shekara 12 ba ta kwana nesa da 'ya'yanta ba, zuciyarta za ta yi rawa. Ki kai su wurin Hajiyarki ko wata da kika amince da ita, ki rubuta mata komai, ki sa lokacin waya sau ɗaya a rana. Kwana biyar ne.

In kuma bayan duk wannan kin zauna da kanki kin ga ko Rodos ɗin ba za ki iya ba, wannan ma amsa ce, kuma kina da haƙƙinta. Sai ki faɗa masa ita a yadda take, ku nemi teku a wata ƙasar da za ki fi sakewa. Amma ki duba takardar nan yau ki ga ainihin ranar da damar sokewa za ta ƙare, har da ƙarfe nawa, kuma da agogon wace ƙasa. Ki yi masa maganar kafin Juma'ar nan.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Antinki